Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Lafani Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmad Aliyu, Game Da Ci Da Suturar Yaran Gudun Hijira

Ranka ya daɗe,

Ina neman ahuwa da na rubuto maka a bainar jama'a, alhali ladabin da muka tarar wajen magabata shi ne a yi wa shugaba nasiha cikin sirri. Uzurina shi ne, al'amarin da zan ambata ya riga ya wuce sirri a gabashin Sakkwato, kuma attajirai da malamai da masu ƙungiyoyin agaji, waɗanda nake so su ji shi tare da kai, ba za su ji ba idan na naɗe takardar na miƙa ta ga mai tsaron ƙofarka. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Lafani, cikin ƙasar Illela, inda mutum kan yi sallar asuba a Nijeriya ya je ya yi wa ɗan'uwansa gaisuwar rasuwa a Birnin Ƙonni ya komo gida kafin azahar. Ba ni da muƙami, ba ni da ƙungiya, abin da nake da shi kawai idon da ya shekara yana duban yara, har ya iya rarrabe ɗan da ya karya kumallo da wanda ya kwana da yunwa tun kafin su buɗe baki.

Ka fi ni sanin yadda fitinar nan ta faro da yadda ta yaɗu. Tun daga harin Tabanni a ƙasar Raba cikin Yulin 2018, wanda ya tara jama'a a Gandi, zuwa kisan da aka yi a ƙauyukan Sabon Birni cikin Mayun 2020, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, da wanda ya biyo baya a ƙauyukanmu na Illela cikin Nuwamban 2021, har zuwa ɗaukar almajirai daga tsangayarsu a Gidan Bakuso ta ƙasar Gada cikin Maris na 2024, babu wanda labarinsa bai iso fadar gwamnati ba. Sai dai na lura da wani abu guda wanda shi ne asalin wannan takarda: duk sa'ad da aka yi irin wannan ta'asa, akan ƙidaya waɗanda aka kashe, a faɗi adadinsu a rediyo, a je ta'aziyya, a yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu, amma waɗanda suka tsira da rai, suka ɗaure ɗan abin da hannu zai iya ɗauka cikin zane, suka goya jarirai, suka ja hannun na yaye suka nausa cikin dare, su ba a cika ƙidaya su ba, domin ba wuri ɗaya suke tafiya ba.

Wasu sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, cikin ƙasar Gidan Rumji, inda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta zaunar da su a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Waɗannan an rubuta sunayensu, an ba su kati. Wasu sun shiga birni suna kwana a kangaye da tashoshin mota, ana ganinsu ko ba a so. Amma kashi mafi yawa a idona, kuma mafi ɓoyuwa, su ne waɗanda suka bi hanyar zumunci, domin Bahaushe da Bafillace duk ba su son a ce da su 'yan sansani matuƙar akwai ƙofar ɗan'uwa da za su ƙwanƙwasa. Mace ta tuna tana da gwaggo a wani ƙauye da wutar ba ta kai ba, sai ta kwashi 'ya'yanta ta nufi can. A yi mata maraba, a share mata ɗakin da ake ajiyar kara, a ƙara ruwa a tukunya. Babu tanti, babu tuta, babu allon da aka rubuta sunan sansani, saboda haka mai rabon agaji, ko da niyyarsa ta kai tsarkin madarar shanu, sai ya wuce ta bakin wannan gida bai san akwai mabuƙata ciki ba.

Akwai wani maƙwabcina, manomi mai rufin asiri, wanda ya cika rumbunsa da kaka bisa lissafin baki 8, kamar yadda ya saba kowace shekara, da ɗan rarar da zai sayar ya yi wa iyali tufafi. Kafin ɗari ya fita bakunan gidansa sun zama 17. Bai yi ƙorafi ba, bai kai ƙara ga kowa ba, kuma da zai ji na ambaci lamarinsa da ya ji kunya. Abin da na gani shi ne, rumbun da ya kamata ya kai shi sabon gero ya ƙare tun ana shirin shuka, ya sayar da tumaki biyu, sannan ya taɓa irin da ya ajiye; kuma sa'ad da damina ta yi tsaka, 'ya'yansa na cikinsa da 'ya'yan baƙinsa suka rame tare, har baƙon ido ba zai iya cewa ga ɗan gida ga ɗan hijira ba. Wannan mutum, ranka ya daɗe, ya ɗauke wa baitulmali wani nauyi da shari'a ta ɗora wa baitulmali, ya yi aikin Ansarun Madina ba tare da an kira shi da sunan ba, kuma babu takardar hukuma ko ɗaya da sunansa yake ciki. Irinsa suna da yawa daga Kalmalo har Araba. Roƙona na farko ke nan: a sa iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da limamai, a haɗa da ungozomomi waɗanda su ne suka san abin da ke cikin ɗakunan mata, su rubuta kowane gida da ya sauki baƙin hijira da adadin yaran da ke cikinsa, sannan idan taimako ya zo a bai wa gidan gaba ɗaya, kada a tsame baƙo a bar mai masauki, domin tukunyarsu ɗaya ce.

Ba na musun alherin da ake yi. Muna ganin wuraren ciyarwa da gwamnati ke buɗewa da azumi, muna ganin hatsi da yadin Sallah da Hukumar Zakka da Waƙafi ke kai wa marayu a gundumomi, kuma wanda ya taɓa ganin fuskar maraya ranar idi cikin sabuwar riga ba zai raina wannan aiki ba. Allah ya saka da alheri. Amma akwai wata mas'ala ta lokaci wadda nake roƙon ka tsaya ka dube ta da kyau, domin a nan ne nake ganin alheri mai yawa yana zuba a inda ƙasa ta riga ta jiƙe. Sadakarmu tana bin watan sama, yunwa kuwa tana bin damina. Hannun masu hali yakan buɗe cikin Ramadan saboda neman falalarsa, kuma haƙiƙa wata ne mai falala. Sai dai azumin 2024 da na 2025 duk cikin Maris suka kama, lokacin da mafi yawan gidaje ke da sauran hatsi, kuma tun da yake shekarar hijira tana gaza ta bature da kwana 11 ko kusa da haka, azumi zai ci gaba da ja da baya zuwa hunturu da kaka, sai an shafe shekaru fiye da 10 kafin ya sake faɗawa cikin damina. Yunwar yara kuwa tana nan inda kakanninmu suka san ta: daga faɗuwar ruwan fari zuwa fitowar sabon gero, musamman Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya koma kango, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwar Illela ta ranar Lahadi, uwa tana gona tun safe, ana cika cikin yara da tafasa da ɗan abin da ya samu, sannan zazzaɓin cizon sauro da gudawa su auka wa jikin da ba shi da abin kare kansa. A wannan lokacin ne ake binne ƙananan gawawwaki, kuma a wannan lokacin ne motocin rabo suka fi ƙarancin zuwa, ga laka, ga tsoron hanya, ga ba watan lada ba ne a zaton mutane. Alhali Suratul Balad, da ta ambaci ciyarwa cikin ayyukan da ke ƙetarar da bawa, ta ɗaure ta ne da ranar yunwa, ta kuma ambaci maraya da miskini. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, ina kuma roƙon su faɗe shi a kan mumbari tun watan Mayu.

Da za a ware wani kaso na abin da ake kashewa, a sayi gero da dawa da wake da kaka sa'ad da suke da araha, daga hannun manoman jihar nan, a adana su a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma ta gabas, Illela da Gada da Gwadabawa da Goronyo da Wurno da Raba da Isa da Sabon Birni, a fara fitarwa kafin hanyoyi su lalace, da kuɗin da ke ciyar da yaro ɗaya a yau ya ciyar da fiye da haka. Kuma a ba mu gero, ranka ya daɗe. Shinkafa da taliya abincin marmari ne a ƙauye, suna neman mai da kayan miya da itace mai yawa, har wata uwar takan sayar da rabonta ta sayi hatsi da kuɗin, a ce ta ci amana, alhali ita ta fi mai rabon sanin abin da zai kai ta ƙarshen mako. Gero kuwa shi ne kunun safe, shi ne furar rana, shi ne tuwon dare, dusarsa ma ta akuya ce.

Sai dai akwai yaron da ya wuce matsayin gero. Idan tamowa ta kama ɗan shekara 1 ko 2, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa ta yi yaushi kamar ta tsoho, ko ƙafafunsa su kumbura, ya daina kuka sai ƙugi, to ko an zuba masa tuwo a gaba ba zai iya ci ba. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan zare mai launi da suke naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan kaurin damtsen ya gaza santimita 11.5, zaren ya nuna ja, wannan yaro yana bakin kabari. Maganinsa sananne ne, kuma a nan kusa da mu aka tabbatar da amfaninsa: a yunwar 2005 ta Nijar, ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da wani abinci na gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda ake ƙullawa cikin 'yar leda mai nauyin giram 92, ba ya neman dafuwa, ba ya neman ruwa, uwa na iya bai wa ɗanta a ɗakinta. Kwali ɗaya mai ƙulli 150 yakan ishi yaro ɗaya ya tashi cikin mako 6 zuwa 8. Shekara da shekaru wannan abinci yana zuwa mana ne da kuɗin waɗansu ƙasashe, kuma tsarin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa Nijeriya ya fi karkata ga Borno da Adamawa da Yobe, arewa maso yamma tana gefe. Da Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025, sai rufin ya ƙara yayewa, har MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a wuraren jinyarta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar. Katsina kuwa ba ta da nisa da mu, cutarmu ɗaya, dajinmu ɗaya. A birnin Sakkwato ma ga asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin leɓe da kunci, tana kuma kama ɗan da yunwa ta riga ta raunana. Duk wanda ya taɓa shiga wurin ya ga abin da jinkiri ke haifarwa. Ina roƙon a mai da sayen wannan abinci wani tsayayyen babi cikin kasafin jiha kowace shekara, a saki kuɗinsa kafin ruwa ya sauka, a kai shi ƙananan asibitocin karkara, a kuma koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu, domin matar da mijinta ke hannun masu garkuwa ba ta da kuɗin motar zuwa birni. Wanda aka kama yana karkatar da shi zuwa kasuwa kuwa, a hukunta shi a fili, don abin da ya sata ran yaro ne.

Game da sutura, Alƙur'ani ya gwama ta da ciyarwa a kaffarar rantsuwa, fuƙaha'u kuma sun sa ta cikin nafaƙar da ke wajaba, saboda sun san tsiraici ɗan'uwan yunwa ne. Wanda ya gudu cikin bazara da rigar da ke jikinsa, da ita ɗari zai same shi. Na ga yara cikin Disamba da Janairu, sa'ad da iskar hunturu ke sauko mana daga arewa ba abin da ya tare ta, sun kewaye wutar kara da asuba, gabansu na gasuwa bayansu na daskarewa, ƙafa ta faffashe, ƙirji na kuka; kowace shekara kuma sai an sami wanda ya faɗa wuta ko wanda ciwon haƙarƙari ya ɗauke. Yadin Sallah abin farin ciki ne, amma ba ya tare sanyi, wani lokaci ma kuɗin ɗinkinsa kan gagara har ya ƙare a kasuwa. Bargo ɗaya ga kowane yara biyu, da rigar sanyi, da hula, da takalmin roba, da tabarma, da gidan sauro, in an kawo su cikin Nuwamba, sun fi atamfa uku a watan Afrilu. Ga 'yan mata da suka fara girma kuwa, zane da hijabi su ne ke raba su da zaman ɗaki. Na san waɗanda suka bar makarantar allo da ta boko ba don komai ba sai don zane ɗaya gare su, in an wanke sai a jira ya bushe. Kuma da za a bai wa telolin Illela da na Gwadabawa ɗinkin, a sa matan hijira masu iya keke cikinsu, da sadaka ɗaya ta rufa asirin gida biyu. Masu aiko da kwance daga birane, Allah ya karɓa musu, amma su wanke, su zaɓa, su aiko da abin da za su yarda ɗansu ya sa.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai, wanda in na yi shiru a kansa na ci amanar alli da allo. Wata shekara waɗansu masu rabo, ba zan ambaci ko su wane ne ba, suka tara mata da yara a wani fili tun hantsi, aka jera su cikin rana ana jiran babban baƙo har la'asar. Da ya iso aka ɗora wa wata yarinya ƙullin kaya a ka, aka ce ta ɗaga fuska ta yi murmushi, aka ɗauki hotonta ta kowace fuska, washegari yana yawo a Facebook. Yarinyar nan ɗiyar mutumin da a garinsu shi ke ciyar da almajirai ce. Ta karɓi kayan, amma na ga uwarta ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma da aka sake kiran rabo ba su fito ba. Shari'a ta hana a bi sadaka da gori da cutarwa, ta kuma yabi wadda aka ɓoye; ina roƙon ka yi umarni, ga ma'aikatan gwamnati da ƙungiyoyi da 'yan siyasa baki ɗaya, cewa a ɗauki hoton buhuna da takardun lissafi in ana son shaida, a bar fuskokin 'ya'yan mutane, a kuma kai kaya unguwa-unguwa maimakon tara jama'a wuri ɗaya a ƙasar da taro kansa hatsari ne.

Haka nan kada a tambayi yaro asalinsa kafin a cika masa ƙwarya. Cikin waɗanda suka rasa matsuguni akwai 'ya'yan Fulanin da ɓarayin daji suka kore musu shanu, sannan 'yan sa-kai suka ƙone musu ruga, suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Iyayensu mata suna tsoron shiga layi don kada a nuna su da yatsa. Yaron da aka hana abinci yau saboda laifin da wani mai kama da ubansa ya yi, akwai masu jiransa a daji da abinci da bindiga. Akwai kuma waɗanda suka shigo daga ƙetaren iyaka, ko aka haife su can uwa ta komo da su. Mu mutanen bakin iyaka mun ɗanɗani rufe ta a 1984, shekarar da mutanen Nijar suka raɗa wa yunwarta suna El Buhari, muka sake gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo talakan ɓangarorin biyu ne ya fara jin jiki, domin hatsi da dabba da aure ba su taɓa sanin wannan layi ba.

Ranka ya daɗe, kujerar da kake kai tana cikin ƙasar da aka kafa da hijira. Daga Ɗagel, nan kusa da mu, Shehu Usmanu ya fita zuwa Gudu a 1804 da mata da yara da tsofaffi, kuma jama'arsa sun sha yunwa da cuta a shekarun farko har suka gangara Zamfara neman abinci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya ga wannan da idonsa yana saurayi, shi ne ya dage ga gina ribaɗi irin Wurno, a tsare jama'a su yi noma da sana'a, a kan wannan tafarki kuma Maiturare, daga zuriyar Shehu, ya kafa Gwadabawa. Sun gane cewa ciyarwa ta gaskiya ita ce manomi ya isa gonarsa lafiya, ba tare da ya biya ɗan bindiga harajin shuka da na girbi ba, kuma duk abin da na roƙa a sama jinya ce kafin wannan ya samu. Amma jinyar ba ta jira. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekarar toka, ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har fatarsa ta sauya, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya sa aka riƙa ƙidaya masu ci kowane dare. Sun kuma ruwaito cewa da ya ji kukan jaririn da uwarsa ke gaggauta yaye shi don a sa shi cikin masu rabo, sai ya mai da rabo ga kowane abin haihuwa tun ranar da ya faɗo. Ƙidaya ya fara yi, da kunnensa kuma ya ji kukan.

Saboda haka ina gayyatarka, ko wani amintacce da za ka aiko wanda ba ya tsoron gaya maka abin da ya gani, ya zo ƙasar Illela cikin watan Agusta, ba da jiniya ba, ba tare da an sanar da kowa ba, ya iso da yamma lokacin da mata ke ɗora tukunya, ya tsaya a bakin gari ya duba gidajen da hayaƙi ke tashi da waɗanda ba ya tashi, sannan ya yi sallama a ɗaya daga cikin na biyun. In ya biyo ta Lafani, akwai tabarma a zaurena, ni kuma zan riƙe masa fitila.

Allah ya ja zamaninka, ya yi riƙo da hannunka, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Lafani, Ƙaramar Hukumar Illela.